Harsashin Kawu Arvid

Ranar Asabar aka buɗe farautar barewa, gari ya waye da ƙanƙara marar nauyi, iska kuma ta kwanta. Wendell Haapala ya saɓa bindigar kakansa ya shiga daji.

Tun kafin a haife shi aka daina ƙera harsashinta. Kawunsa Arvid ne ke narka dalma, ya zuba a mazubin da aka yi wa bindigar, ya cika tsofaffin kwanson harsashi da albarushi. Kowa a garin yakan gwada bindigarsa a jikin katako kafin farauta, amma bana Kawu ya hana.

"Kar ka ɓata su a gwaji, yaro. Kwanson nan ya girme ni."

Wendell bai yi musu ba. Burinsa ya kayar da barewarsa ta farko da bindigar nan, harbi ɗaya.

Da hantsi wani namijin barewa mai manyan ƙahoni ya fito kusa da shi. Ya saita bayan kafaɗa, ya danna kunama. Dabbar ta yi tsalle tana jan ƙafar baya. Harbi na biyu ya bi iska. Wendell ya bi jinin har bakin kogi, nan sawu ya ɓace.

Da ya dawo gida ya harbi katako. Hudar ba ta fito zagaye ba, doguwa ce. A kaikaice dalmar ta shiga.

Ya iske Kawu a rumfar aikinsa yana shan kofi.

"Kawu, ina mazubin Kaka?"

Tsohon ya dubi kofinsa. "Wani mai tara kayan tarihi ya zo da bazara, ya matsa min, na sayar masa."

"To me ka zuba min?"

"Dalmar wata bindiga. Kaɗan ta rage kauri, kaɗan fa."

"Shi ya sa ka hana ni gwaji."

"Haba ɗana! Kai da ba ka iya zama wuri ɗaya? Wallahi na ɗauka ko jelar barewa ba za ka gani ba."

Wendell ya ajiye sauran harsasan a kan teburin, ya fita.

A hanya ya lissafa abin da ya rasa. Barewa ɗaya, tana can tana mutuwa a tsallaken kogi. Kwanso biyu da suka nutse a ƙanƙara. Mazubi ɗaya. Da Kawu, mutumin da ya koya masa harbi.