Jar Wutsiyar Dogari

Ɗanyen zogale ƙulli ɗaya. Gwanda rabi. Gwaiba shida. Gero da na jiƙa kwana biyu har ya fara tsiro. Sirinji marar allura. Tsohon kejin Baba, wanda na wanke da ruwan zafi.

Su ne a kan cinyata a cikin motar Kankia zuwa Kusada. A Kusada na hau babur zuwa Dudunni.

Shekara shida na yi a Alƙahira ina karatun likitan dabbobi. A ta biyar Baba ya rasu, ban samu jana'iza ba. Bai taɓa riƙe wayar da ke ɗaukar murya ba, don haka muryarsa ba ta rage ko'ina ba sai a bakin akunsa, Dogari. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, Haulatu, shi ya sa ba ya kiran sunana. Kowace safiya sai ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, “Uwata, a fito haka nan, rana ta yi.” Dogari ya ɗauke maganar duka, har da tarin da ke biye da ita.

Ita na tafi nema. Wajen rabon gado ƙanen Baba, Baffa Mamuda, ya ɗauki tsuntsun. Shi ne ladanin unguwarsu, kuma yana da teburin shayi.

Na tarar da Dogari a kwandon waya, rataye bisa teburin, inda hayaƙin murhu ke dukansa. Ƙirjinsa duk ya tsige. A gwangwanin abincinsa akwai gyada da ta yi funfuna, da ɓarin goro, da burodi jiƙe da shayi. Jar wutsiyarsa babu ko gashi ɗaya, sai ɓawon jini.

“A'a, likita! Yaushe a gari?” in ji Baffa. “An ce yanzu har jakai kike yi wa allura.”

“Har da su, Baffa. Wa ya cire masa wutsiya?”

“Tsufa ne, ɗiyata. Ni ma ina gashin kaina?”

Masu shan shayi suka yi dariya. Na duba wurin. Gashin da ya zube da kansa ba ya barin rauni irin wannan.

“Me kuke ba shi?”

“Abin da muka ci. Goro ma yana buɗe mashi baki.”

“Yaushe rabonsa da magana?”

“Tun kaka. Kwashe shi, don Allah, kar ya mace mini bisa burodi.”

Na sa shi a kejin Baba, na dawo Kankia.

Sati biyu da sirinji nake ɗura masa kunun gero da gwanda. Daga nan ya fara tsinkar zogale da kansa. Na hana shi gishiri, na hana shi sukari, gyada kuwa sai wadda na ɓare na duba da idona. Ina ba shi tsiron gero da safe, gwaiba ko karas da rana, dafaffen wake sau biyu a mako, ɗanyen barkono jefi-jefi. Kullum da hantsi ina fitar da shi ya sha rana. A wata na uku jan gashi ya fara leƙowa.

Kowace safiya nakan tsaya bayan ƙofa in jira. Bai kira ni ba.

Ranar da ya buɗe baki, ina juya shayi ne. Cokali ya bugi kofi, sai na ji muryar Baffa a tsakar gidanmu, ƙasa-ƙasa:

“Riƙe mini ƙafar. Gashi uku malamin tsibbu ya ce. A sa a laya, a binne ƙofar Liman. In ya kwanta ciwo, limanci ya zama nawa.”

Sai ƙarar tsuntsu da ake fizge wa gashi.

Na sake buga cokalin. Ya sake, kalma da kalma. Na buga sau goma, ya faɗa sau goma. Na kwaikwayi tarin Baba, na ce “Uwata” a kunnensa har makoshina ya bushe. Ya karkata kai ya dube ni kawai. Wata ɗaya na ƙara ina gwadawa, sannan na daina.

Sai na aika wa Baffa hoton Dogari, jar wutsiya a baje. Washegari ya kira.

“Ai kin san rabona ne. Jinya na ba ki, ba kyauta ba.”

“Haka ne, Baffa. Amma tunda maganar gado ce, ku zo da Liman ya shaida, kada gobe a ce na riƙe.”

Suka zo ranar Asabar bayan azahar. Liman Abdullatif tsoho ne, ƙafa ɗaya tana ba shi wahala, Baffa ne ma ya riƙo masa hannu ya tsallake dokin ƙofa. Na yi musu shimfiɗa a zaure, na rataye kejin daidai kansu.

“Tubarkalla,” in ji Liman. “Wannan ne aka ce ya kusa mutuwa? Mi kika ba shi, Haulatu?”

“Ganye da hatsi, Allah gafarta Malam. Bari in kawo shayi.”

Na zuba a gabansu. Na sa sukari. Na juya, na bugi bakin kofin da cokali.

Dogari ya faɗa duka. Ko ƙarar fizgar gashin bai rage ba.

Liman ya ajiye hannunsa a kan gwiwarsa mai ciwo. Bai dubi tsuntsun ba.

“Sharri ne!” in ji Baffa. “Ita ta koya mashi! Karatun waje ke nan, Malam!”

“Ta koya mashi muryarka, Mamuda?”

Baffa ya cire hularsa. Na sake buga kofin.

Liman ya dafa bango ya tashi. Baffa ya miƙa hannu zai tallafe shi, Liman ya janye jikinsa.

“Ɗiyata, nemo mini babur zuwa tasha. Ni kaɗai.”

Da ya tafi, Baffa ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu.

“Haulatu, jininki ne ni. Sallar la'asar ma ban san wa zai kira ba yau. Mi na yi maki? Tsuntsu ne fa.”

“Akwai maganar da yake yi kafin ku ɗauke shi. Kun tuna ta?”

Ya juya hular a hannunsa. Da gaske bai tuna ba.

Na tura ƙofar, na sa sakata. Na yanka gwanda, na zaɓi wuri mafi ja na miƙa wa Dogari. Aku irinsa, in ana ba shi abincin kirki, yakan kai shekara hamsin. Daga gobe kejin zai koma tagar zaure da ke kallon titi, kuma duk lokacin da ya yi muryar Baffa zan ba shi gwanda.