Rassan Mangwaro a Kan Hanya

Duk Dutsen Kura babu wanda bai san babur ɗin Malam Andrawus ba, don bai taɓa barin mu manta da shi ba. Malamin firamare ne, amma da an ba da hutu sai ya ɗaure jarkar fetur da tabarma a baya, matarsa Alisabatu ta ɗale, su ɓace. Sun je Jos, sun je Lakwaja. Mukan ce ko kurciya aka yi musu, su yi dariya.

Suna da dabarunsu na hanya, kuma Malam yana ji da su. Babbar ita ce ta taɓo: idan taya ta kafe, Alisabatu ta sauka ta samo rassa, a shimfiɗa a ƙarƙashi, babur ya taka ya wuce. Sun yi haka har hannu ya saba, ba sai kai ya yi tunani ba.

A daminar 1984 suka nufi Jabba, wai Alisabatu tana son ganin kogin Kwara a cike. Bayan Garatu Malam ya saki titin Bida ya bi wata jar hanya, don a ganinsa kwalta ta ragwaye ce. Tun safe suke tsere da wata tsohuwar a-kori-kura cike da doya da mata 'yan kasuwa. Su wuce ta, ta wuce su, ana ɗaga wa juna hannu ana shewa.

A wani ƙauye suka tsaya cin abinci tare. Direban, Ndako, dattijon Banufe ne mai fara'a. Alisabatu ta lura motar ba ta tsaya ba sai da aka jefa mata weji a gaban taya, ta tambaye shi ko lafiya.

"Madam, birki ya tsufa kamar ni," in ji shi. "Amma mutanen wannan hanya suna da kirki. In akwai wahala a gaba, za su sa ganye. Ganye shi ne birki nawa."

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas lokacin da suka bar motar a baya. Hanyar ta yi tsit. Alisabatu ta ce sun daɗe ba su gamu da kowa daga gaba ba, ko mai keke, kuma abin bai kwanta mata ba. Malam ya ce tsoron ruwa ne ya kori mutane.

A wani kwari taɓo ya riƙe su har gindin inji. Alisabatu ta sauka, sai ga rassan mangwaro ɗanyu shar, an jera su a tsakiyar hanya tun daga bakin taɓon har kan tudu. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san ma'anar ɗanyen ganye a kan hanya, kuma ɗazu ɗazu aka faɗa musu. Amma ga iska ta taso, ga babur yana nutsewa, ga Malam yana faɗa. Ta kwaso su kaf, har tana godiya ga Allah da ya hutar da ita shiga daji. Suka tattake su cikin taɓo suka haye.

Bayan tudun hanya ta yi kwana, ta gangara. Allah ya sa a hankali suke tafiya. A ƙasan gangaren babu gada, ruwa ya tafi da ita. Sai bakin rami kawai, da jan ruwa yana ta ambaliya a ƙasa.

Suna tsaye suna kallo, sai Alisabatu ta sunkuyar da kai. Ta dubi hannuwanta, duk ƙaron mangwaro.

"Maigida," ta ce a hankali, "ganyen nan."

Sai shi ma ya ji abin da ta ji: gurnanin a-kori-kura tana fama da taɓo a bayan tudu.

Ya juya babur ya haura, ita kuma ta bi shi da gudu tana kaɗa ɗankwali. Motar ta riga ta sha kwana, ta sako kai gangare. Malam ya ɗaga hannu yana ihu, Ndako ya danna ham yana murmushi, matan da ke kan doya suka ɗago hannu suna shewa kamar yadda aka yini ana yi. Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya kama Malam. Ya karkatar da babur, ya kwantar da shi a tsakiyar hanya, ya yi tsalle gefe.

Motar ta hau kan babur ɗin. Ƙarfe ya cije a ƙarƙashin tayar gaba, ta dinga jan sa yana tona ƙasa, fetur yana tsiyaya, har ta tsaya. Tsakaninta da ramin bai kai tsawon tabarma biyu ba.

Matan suka sauko suna salati, wasu suna kiran Yesu. Suka kewaye Malam da godiya, wata tsohuwa har da durƙusawa. Daga nan suka koma tsine wa mutanen ƙauyen da ke kusa, marasa imani, da suka ga gada ta karye suka kasa sa ko ganye ɗaya. Alisabatu ta ɓoye hannuwanta cikin zane, kunya kamar ta kashe ta.

Ndako kuwa ya nufi gaban motar. Ya tsuguna yana duba abin da ya rage na babur, ya zaro wani guntun reshe da ya maƙale a sarƙa. Ɗanye ne, ga saran adda a gindinsa. Ya daɗe yana juya shi, ya waiga wajen tudu, sannan ya taso ya kama hannun Malam ya danƙa masa.

"Malam, ka riƙe," in ji shi. "Ni ba zan faɗa musu ba."

Ruwa ya sauko. Matan suna ta tsinuwa, Malam Andrawus yana tsaye a tsakiyarsu da reshen a hannu.