Yadda Aka Raba Adakar Baba Attahiru

Mahaifinmu Attahiru ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa yana shirya wasan kwaikwayo. Daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, babu filin makaranta ko bakin kasuwar da bai ɗaura labulensa ba. Duk wasan da ya shirya sai ya sa an ɗauka a kaset ɗin bidiyo, ya jera a adakar ƙarfe tare da hotuna, kowane wasa da ɗaurinsa, na ɗaya da na biyu da na uku. Bayan rasuwarsa wata malama daga jami'a ta ce za su juye komai a na'ura su ajiye da sunansa. Sharaɗinta guda ne, a kawo kayan a cike.

Ni Khairiyya har kukan murna na yi. Yayana Habibullahi kuwa, wanda tun muna yara yake haɗe rai in an ce masa ɗan mai wasa, sai a ranar ya tuna ubansa ne.

"Wanga abu gado na," in ji shi. "Raba shi za a yi."

"Yaya, mi za ka yi da kaset? Ko abin kallo ba ka da shi."

"Ko wuta zan hura da su, ina ruwanki?"

Baffa Uwaisu, ƙanin mahaifinmu, shi ya zauna rabo. Mutum ne mai tsoron Allah, ban hana masa ba, amma cinikin albasa kaɗai ya sani. Ya zazzage adakar a kan tabarma, ya kwance duk ɗaurin da Baba ya yi, ya shiga kasawa kamar yana bakin kasuwa, namiji kashi biyu, mace ɗaya.

"Baffa, don Allah ku bar kowane wasa da 'yan'uwanai," na ce. "Ga na ɗaya kun aje gabana, na biyu kun tura wurin Yaya."

"Ke ɗiyag ga, duk baƙaƙe na, girmansu guda. So kike in yi zalunci?"

Rashin sani ya fi dare duhu. Na tashi da farkon wasanni babu ƙarshensu, da ƙarshen waɗansu babu farko. Habibullahi ya zuba nasa a buhun taki yana murmushi, ni kuma baƙin ciki kamar ya kashe ni.

Babu roƙon da ban yi ba. Na ce aro kawai nake so, a juye a maido masa. Na bi ta wurin matarsa Turai, ta dawo tana sosa ƙeya. Na aika dattawan ƙungiyar wasan Baba, ya bar su tsaye a rana. Da malamar ta bugo waya ta ce za su zo kafin kaka, sai na haɗiye girman kaina, na hau babur zuwa gonar shinkafar Habibullahi a bakin gulbin Rima. Niyyata ko durƙusawa ce in yi masa.

Tun daga nesa na hango gonar tana walƙiya. Da na matso na ga zare ne baƙi siriri, an ja shi daga sanda zuwa sanda, iska na kaɗa shi yana ƙara. Gindin bukka kuma ga kwanson kaset nan tuli guda, an fasa kowanne an zare cikinsa, rubutun hannun Baba na jiki.

Habibullahi ya fito daga cikin shinkafa yana share zufa.

"Kin gani?" ya ce. "Yau dai aikin tsoho ya yi rana. Tun da nid ɗaura su ko tsuntsu guda bai sauka ba. In kina son taimakona, kawo naki, gefen gulbi bai samu ba."

Tun daga ranar ban ƙara kiransa Yaya ba.