Allunan Kawu Merv

Raelene Hosking ta dawo daga gari da naman gashi da burodi a bayan mota, rana ta kusa tsaka. Tun daga ƙofar sansanin hutun yara take jin kukan injin yanka. Asabar ce, ranar aikin gayya, kuma ranar Litinin motar yara za ta iso: 'ya'yan mutanen da gobarar daji ta cinye gidajensu bara, za su yi hutun ƙarshen shekara a bakin kogi. Ita ke riƙe da wurin, ba albashi.

Kowa a kwarin ya kawo abin da yake da shi. Mai shagon kayan gini ya ba da fenti. Matan coci sun kawo sababbin katifu, an jera su a ɗakin kwana tun jiya. Masu kiwon shanu sun zo da tsani da guduma da akwatin ƙanƙara cike da giya. Bangon ɗakin ne kawai ya rage, inda yoyo ya ruɓar da katako, kuma kawunta Merv ya ce a bar masa wannan.

Farar ƙura ce ke fitowa ta taga. Da ta shiga, ta tarar da Col Dunstan, dogon mutumin da suke kira Gajere don zolaya, a durƙushe yana yanka wani allo mai ruwan toka. Gashin girarsa ya yi fari. Ƙurar ta kwanta a kan katifu, a kan gadaje, har cikin tsagar dabe. Merv na tsaye da ƙusoshi a baki.

"Ga shugaba ta iso," in ji Col, ya kashe injin. "Ina naman? Ko kin cinye a hanya?"

Raelene ta ɗauki guntun allo ta juya shi. Bayansa rami-rami ne ƙanana, a bakin yankan kuma ga zare-zare fari. Asbesto ne. Babu babba a kwarin da bai san shi ba, kuma babu wanda bai taɓa raka gawar wanda ƙurarsa ta ci wa huhu bayan shekaru da yawa ba.

"Kawu Merv, daga ina waɗannan?"

Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu. "Tsohuwar rumfar tatsar madara. Kakanki ne ya gina ta. Da na rushe sai na adana su, na san wata rana za su yi amfani. Dubi, ko tsagewa babu."

Ta ja Col waje, gindin itacen turare.

"Ka san ko mene ne wannan."

"Na sani mana."

"Shi ne ka sa masa inji? A cikin ɗaki?"

"To me zan ce masa, Rae? Kwashe kayanka? Tun asuba dattijon nan ya loda su shi kaɗai, da wannan ciwon bayan nasa. Duk muna tsaye ya sauke, babu wanda ya ce uffan." Ya goge fuska da hularsa. "Ni tun ina ɗan shekara sha biyar nake yanka shi, ga ni nan, muni kawai na ƙara."

Sauran mazan sun matso. Shawararsu ɗaya ce, kuma kowa ya faɗe ta da murya ƙasa-ƙasa: a wanke ɗakin da tiyo, a kakkaɓe katifun a rana, a shafe bangon da fenti. Wa zai sani? Idan hukuma ta ji, za ta rufe wurin, a kawo kamfani daga birni, kuma za a tambayi wanda ya kawo kayan. A kwarin nan ba a mayar wa mutum kyautarsa, ba a kuma kai maƙwabci gaban hukuma.

Raelene ta leƙa ta ƙofa. Gadajen masu hawa biyu ne, na ƙasa daf da dabe. Ƙananan yara ake ba na ƙasa. Ta tsaya tana kallonsu, ta kuma san cewa in ta yi shiru, babu abin da zai faru a bana, ko baɗi, ko kafin yaran su manta sunan wurin.

Ta ciro waya, ta hau tudun tankin ruwa, inda kawai ake samun layi. Jami'in ƙaramar hukuma da ke aikin ƙarshen mako ya ce a rufe ɗakin, kada a taɓa komai, katifun kuma sun tashi daga aiki. Ya yi tambayoyi, ta amsa.

Kafin ta sauko an fara naɗe tsani. Babu wanda ya zage ta. Col ya ɗauki injinsa ya wuce ta bai ɗago kai ba.

Merv na zaune a bayan motarsa, ƙura a kafaɗunsa.

"Sun tambaye ki daga ina?"

"Sun tambaya."

"Kin faɗa."

"Na faɗa, Kawu. Cire rigar nan kafin ka shiga gida. Kada matarka, Anti Bev, ta wanke ta."

Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. "Don yaran na kawo," ya ce.

"Na sani."

Ya shiga mota da rigar a jikinsa, ya tafi.

Ta sa kwaɗo a ƙofar ɗakin, ta sake hawa tudun, ta kira matar da ke haɗa tafiyar yaran.

"Kada ku taho ranar Litinin."

A bayan matar ana jin hayaniyar yara. "Sun riga sun haɗa jakunkuna, Raelene. Sai yaushe zan ce musu?"

"Ban sani ba," in ji ta. "Kada ki sa musu rana."