Hoton da Ya Ba Ni Baya

Daren da aka yi sadakar arba'in ɗin ɗana na yi wani mafarki, kuma har yau ban manta komai a cikinsa ba. Amma bari in fara da abin da ya riga shi.

Ɗana na fari mai zane ne. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tsayawa kallonsa. Shekara ashirin da shida "kai" nake ce masa. Ranar da ya ce, "Inna, an rataye zanena a laburaren gari, ki zo ki gani," ina suyar awara, ko juyowa ban yi ba. Na ce, "Ni da ban wuce aji uku ba, me zai kai ni gidan littattafai?" Ya yi dariya, ya ɗauki awara biyu ya fita. Bayan kwana tara, ina kan wannan kaskon, abokinsa Mudi ya yi sallama ya tsaya a zaure, ya kasa shigowa. Mota ce ta kaɗe ɗan nawa. Daga baya Mudi ya kawo zanen a naɗe cikin takardar siminti, na tura ƙarƙashin gado ban buɗe ba.

A mafarkin sai ga ni a ƙofar laburare da rana tsaka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi, yana bi ta tsakanin yatsun ƙafata yana hawa sama. A teburin shiga akwai wata akuya da tabarau tana tauna katin shiga.

Ta ce, "Baiwar Allah, kallo kika zo ko a kalle ki?"

Na ce, "Kallo."

"Kin makara, yau su ke kallo. Cire takalmi."

Cikin ɗakin ya fi masallacin Juma'a tsayi. Littattafai sun jeru can sama kamar tattabaru, suna karkaɗe shafukansu. Mutane ne a rataye a jikin bango, kowa da ƙusarsa, sun natsu, hotuna kuwa suna zagayawa suna dubansu. Wani hoton raƙumi ya tsaya gaban wani alhaji, ya daɗe, sannan ya ce, "An yi ƙoƙari, amma tumbin ya yi yawa."

Sai na gan ni a wani dogon lungu. Wani tsohon bunsuru yana tafe da bokitin farar ƙasa da buroshi, yana shafe hotunan da suka rage a bango ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye shi laifinsu. Ya ce, "Duk wanda ba a kira sunan mai shi ba kafin la'asar, shafewa ake. Ni aiki aka sa ni."

A ƙarshen lungun akwai guda ɗaya a rufe da takardar siminti. Ina isa takardar ta zame.

Bayan mace ne. Girmansa ya kai katangar gida. Ga wuya, ga kitso ya fara tsufa, ga wani baƙin tabo a ƙasan kafaɗar hagu, wanda ni ban taɓa gani ba, sai dai an sha gaya mini ina da shi. Bayan yana hawa yana sauka da numfashi, yana ƙanshin man gyaɗa da hayaƙi. Can ƙasa na ga bakin majanyi. Nan na gane daga inda aka kalle shi. Daga cikin goyo ne. Na tsaya ina ta ɗaga kai, ban taɓa sanin akwai wanda ya gan ni da girma haka ba.

Bunsurun ya ajiye bokiti kusa da ƙafata. Ya ce, "Iya, wa ya zana?"

Na ce, "Wani yaro ne."

"Duk yara ne."

"Na wajena ne."

"Wajenki ba suna ba ne. Matsa kada in ɓata miki zani." Ya tsoma buroshi. Daga nesa ladan ya fara gyaran murya.

 Sai na ji an yi tari a bayana. Mahaifiyata ce, wadda ta rasu tun ina amarya, tana rataye a ƙusa da ɗankwalinta mai ruwan goro. Ni ma 'yar fari ce, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ta dube ni sosai, ido cikin ido, ta ce, "Azumi."

Iyakar abin da ta ce ke nan.

Na juya na ce, "Ilyasu."

Ruwan ya tsaya cak a iska. Littattafan suka yi tsit. Bunsurun ya mayar da buroshi ya ce, "To da tun ɗazu." Sai na ji wani ɗan nauyi mai ɗumi ya sauka a bayana, wani ƙaramin hannu ya kama wuyan rigata.

Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Na farka, ashe mai ruwa ne yake buga ƙofa, wai jarka nawa zai sauke.

Ban amsa masa ba sai da na jawo ƙunshin nan na kwance. Bai ma kai faifai girma ba. Bayana ne, na sunkuya a kan kasko, ga tabon a inda yake.

Mudi ya buga mini ƙusa a rumfa, na rataye zanen. Na sa aka juya murhu yadda zan riƙa fuskantar bangon. Kullum da safe kafin in hura wuta nakan goge zanen da gefen zanina, in ce, "Ilyasu, na tashi." Sannan in ɗora kasko.