Gaisuwar Salifou

"Malam Salifou, buɗe mini ko in kira pompiye, 'yan kwana-kwana, su ɓalle ƙofar nan!"

Tun safe nake jin tarinsa ta bango, bangon gidajenmu na Stains, a gefen Paris, da ko cokali ya faɗi sai maƙwabci ya ji. Ya buɗe da waya a kunne, ya ɗora yatsa a baki. Wata tsohuwa yake tambaya da Faransanci ya ƙafarta, ya jikoki, an yi ruwa kuwa.

Aikinsa ke nan a farkon 2009. Wani kamfanin sondaj, wato jin ra'ayin jama'a, da ke Lyon ya ɗauke shi yana kiran mutanen Mayotte, tsibirin nan da ke hannun Faransa, daga ɗakinsa, yana tambayarsu ko suna son zama cikakken yankinta a ƙuri'ar da ke tafe. Tambaya ce ta i ko a'a. To amma Salifou ɗan Damagaram ne, bai iya faɗa wa babba da tambaya kamar ɗan sanda ba. Kafin ya gama gaisuwa, abokan aikinsa sun daɗe da wucewa gaba.

Da ya ajiye na ce, "Jini ne wanga a tsummanka?"

"Hawa, ki bari a ƙare sondaj ɗin. In na kwanta likita ba su sabunta mini kontirar aiki. Ba kontira, ba bizar Fatsima."

Fatsima matarsa ce, ta yi shekaru a Zinder tana jiran ya ɗauko ta. Har manto ja, rigar sanyi, ya saya mata a Belleville, ya rataye bayan ƙofa cikin ledarsa.

Ina tsaye shugabarsa ta kira daga Lyon, muryarta na fitowa tar. "Monsieur Salifou, ba hira muka ɗauke ka ba. Tambaya, amsa, ka kashe. Ba zan sake faɗa ba."

Wallahi ya gwada. Washegari na ji shi ta bango yana jefa tambayar tsirara, sai shiru, sai ya ce, "Gafarta mini, Maman, ban gaishe ki ba." Haushi ya kama ni har na yi kuka. Da ya ga ba zai iya rage gaisuwa ba, sai ya rage abinci da hutu. Tuwon da nake kai masa a rufe nake tarar da shi. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na turo masa mijina, duk amsar ɗaya ce, a bari a ƙare.

Ranar Alhamis da hantsi tarin ya tsaya. Ban yi murna ba, na ruga. Yana ƙasa tsakanin gado da tebur, wayar na hannunsa. Bai kai la'asar a asibiti ba. Likitan ya ce huhu ne, da an kawo shi da wuri da ya rayu. Na so in mare shi, alhali gaskiya ya faɗa.

Bayan kwana biyu ina tattara kayansa, salularsa ta yi ƙara. Wani tsoho ne, ya ce sunansa Abdou, daga Mayotte. Salifou ya ba shi lambarsa don tsohon ya ce ba ya amsa babbar tambaya sai ya shawarci 'yan'uwansa. Yanzu ya shawarta, yana da amsa.

Amma sai da ya fara gaishe ni. Ya gida, ya yara, ya sanyin Paris. Na amsa duka, lafiya lau, don ba a katse babba da labarin mutuwa.

"Madalla," in ji shi. "To madam ta iso? Ya ce mini kafin sanyi ya wuce za ta zo."

Na waiwaya da wayar a kunne. Iska ta shigo ta taga tana motsa ledar manton a bayan ƙofa, tsohon kuma yana ta jira.