Injin da Ibram Ya Rufe da Tabarma

Injin jirgin ruwan da na saya wa ƙanena Yahya ya mutu tun bai taɓa ruwa ba.

Yahya masunci ne, can gabas bayan Difa. Kafaɗarsa ta dama ta lalace, tuƙi da hannu ya gagare shi, ga ƴaƴa cike da gida. Ya bugo waya ya ce in ruwan bana ya cika bai samu inji ba, jirgin zai sayar. Na tashi neman kuɗi. Dabinon garkata na sayar tun yana bisa.

Ɗan Kasuwa, mai shagon tsofaffin injuna kusa da tashar Gure, yana da guda da ya zo masa cikin kaya daga Nijeriya. Ya ɗaure shi jikin benci, ya ja igiya. Abu ya yi ruri, fankarsa na watsa rairayi.

"Ka ji murya, Barmo? Duk wanda ya shigo shagon nan sai na tasar masa shi."

Na biya. A gida na sake ja, ya yi tari, warin roba ya tashi, igiyar ta ƙage.

Na ɗora shi a amalanke na kai wa Ibram, dattijon da ke gyaran moto ƙarƙashin itacen bedi. Ya shinshina.

"A ina kuka tashe shi?"

"Kan benci."

"Ruwa fa?"

"Wane ruwa? Mai yake sha."

"Kai, mutanen tudu! Rairayi kuka so ya tuƙa?" Ya ce injin jirgi ta ƙafarsa yake zuƙar ruwa ya sanyaya cikinsa. In babu ruwa robar zuƙa ta narke, fistan ya kama. Ranar na san Ibram mutumin tabki ne, can gabas inda Yahya ke su. Tashin hankali ya kore shi, ya iso Gure da matarsa da ɗan abin da suka iya ɗauka.

Na koma wa Ɗan Kasuwa da faɗa. Ya rantse bai sani ba, kuma na yarda, don shi ma ruwan da ya sani bai wuce na kwarin garka ba. Ya samo sabuwar roba daga Damagaram da aljihunsa. Fistan kuwa aka nema har Kano, babu irinsa. Yahya na bugowa, ni ina kifa wayar.

Wata la'asar Ibram ya ce in bi shi gida. A lungun zaure ya ɗage tabarma. Inji ne, irin nawa sak, yana ƙyalli da mai.

"Kowace damina nakan sa shi cikin tano, babbar gangar ruwa, in tashe shi," in ji shi, "don kar ya manta."

Ya ɗauko kile ya fara kwance shi. Matarsa Mairamu ta leƙo.

"Malam, to da me za mu koma?"

"Mairamu, gemun nan a Gure ya yi fari. Koma ina?"

Ta saki labule. Na ce, "Baba Ibram, bari. Wannan ya fi ƙarfina."

"Riƙe min nan, ka rufe baki. Gara ya ga ruwa a hannun ƙanenka da ya mutu a zaurena."

Da ya haɗa nawa da kayan cikin nasa, muka cika tano da ruwa, muka tsoma ƙafar injin. Ja guda ya tashi. Wani siririn ruwa ya dinga tsartuwa ta bayansa.

"Ka ga yana fitsari? Ka gaya wa Yahya, ran da ya daina fitsari ya kashe shi nan take."

Na sa shi a motar Difa. Da ruwa ya cika Yahya ya aiko da kwalin banda. Ban buɗe ba, gidan Ibram na kai. Mairamu ta ɗauki kifi guda ta daɗe tana shinshinawa, sannan ta ce in zauna a yi miya.

Na yi na yi Ibram ya karɓi ko da ladan aiki, ya ƙi. Ni dabinon shekara guda na rasa, zai sake fitowa. Shi kuwa har yau yana rufe injinsa da tabarma, ƙwarya ce kawai, babu komai a cikinsa.